Ƙullin Yaji daga Kwatano

Duk unguwar Glenwood babu wanda ya san teku kamar Baba Moutari. Bai taɓa zama a aji ba, amma shekara ashirin da shida ya yi yana aikin jirgin ruwa, sau biyu jirgi na nutsewa da shi yana fitowa da ransa. Masu takardun makaranta ma ba duka suka fito ba. Da ɗan ƙanwarsa Lamine ya samu aikin kuku a jirgin dakon kaya, Moutari ya ce jininsa ne ya motsa.

Wata rana wani Abdoul-Aziz ya kira Moutari daga Kwatano, inda jirgin su Lamine ya tsaya, ya ce shi ma ɗan Zinder ne, har sunan limamin unguwarsu ya ambata. Yana da ƙullin yaji da kilishi, a taimaka a kawo wa matarsa a garin Pleasant Garden. Moutari ya ce an gama. Lamine ya yi ta nuƙu-nuƙu a waya, wai kamfani ya hana karɓar kaya, wai ko ya buɗe ya gani.

"Ka buɗe saƙon mutum? A gidan wa aka koya maka? Ni har Marseille na kai saƙo, ban taɓa leƙawa ba."

Lamine ya karɓa. A tashar jiragen ruwa ta Wilmington karnukan kwastan suka tsaya a ƙofar ɗakinsa. Ƙarƙashin yajin hodar iblis ce. Nan take aka kama Lamine.

Fassouma, 'yar Moutari, ta kai mahaifin nata Pleasant Garden a mota. Adireshin da Abdoul-Aziz ya bayar fili ne, sai ciyawa. Lambar Abdoul-Aziz a kashe. A wurin lauya Moutari ya bugi ƙirji, ya ce shi ya sa yaron, shi za a kama. Fassouma ta fassara. Lauyan ya ce in ya faɗi haka ana iya haɗawa da shi, amma Lamine ba zai fita ba, tunda a ɗakinsa aka samu kayan. Moutari ya ce ba ta fassara daidai ba, ta sake. Amsar ba ta canza ba.

Ranar Laraba Lamine ya kira daga kurkuku.

"Kawu, kar ka gaya wa Inna. Ka ce jirginmu bai iso ba."

"Har yaushe, ɗana?"

"Lauya ya ce mafi ƙaranci shekara goma."

Layin ya katse. Moutari ya miƙa wa Fassouma wayar, ya ce ta sake kira masa shi. Ta ce daga can kawai ake kira.