Abin da ke Bayan Jar Ƙofa

Ina tsakiyar haɗa wuyan wata riga sai na ji fat! daga zauren Baba Manzo, fankar shagona ta tsaya cak. Waya ɗaya ce ke ba mu wuta ni da gidansa, don haka na fito da almakashi a hannu ina shirin masifa. Hayaƙi na tarar yana fitowa ta ƙofar zaure, ga warin ƙonanniyar roba.

"Sani, taho ka gani! Ta kashe mini ita!" in ji Baba Manzo daga kan katifarsa.

Matarsa Inna Biba na tsaye da buta a hannu. Ordinatar ɗin Baba, tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya, tana naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, ruwa na ɗiga daga tebur zuwa ƙasa.

"Ni hwa taimako na yi," ta ce. "Kullum shina cewa zahi ka tsai da ta. To tulun ruwa in ya yi zahi mi muke yi mai? Ba buhu muke jiƙawa mu naɗa ba?"

Wallahi na so in riƙe dariya, na kasa. Baba Manzo ya harare ni, sai shi ma ya fashe, har tari ya sarƙe shi. Inna Biba ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ajiye butar ta shige cikin gida tana share ido da bakin zane.

Baba Manzo shi ne mai ajiyar kayan aiki a furoje, wato shirin dashen itace na nan Keita, shi ke raba wa mutane diga da shebur tun ina yaro. Da buronsu, wato ofishinsu, ya sake injina sai aka ba shi wannan tsohuwar kwamfuta ya kawo gida. Wasa ɗaya ne a cikinta da ya shiga ransa: wani ɗan mutum mai koren wando yana gudu, yana tsallake ramuka da kunamu, yana hawan duwatsu. Baba ya raɗa masa suna Ɗan Garhanga, don tsokanar taubashinsa Tsoho mutumin Garhanga, wai su biyun ba sa ganin rami sai sun faɗa.

A ƙarshen hanya akwai wata jar ƙofa. Duk ranar da Ɗan Garhanga ya kai bakinta, ya ɗaga hannu zai tura, sai injin ya sandare. Shekara da shekaru haka. Dattawan fadar shayinmu har layi suke yi suna yi wa kwamfutar fifita da mahuci, a banza. Tsoho ya ce mata ne a bayan ƙofar, shi ya sa injin yake jin kunya. Baba ya ce ƙarya ne, garin zinariya ne.

Da can wasa ne kawai. Amma a watan nan ne aka dawo da Baba daga likitar Tahoua, ƙafafu a kumbure, an ce ya je gida ya huta. Duk unguwa mun san abin da wannan hutun yake nufi, shi ma ya sani.

Da na gama kwance buhun ya kama hannuna ya ce, "Sani, na yi gahwara da kowa, ban riƙe kowa ba. Abu guda ya rage mini na son rai. In ga abin da ke bayan ƙofar ga kahin in tahi."

Na ce, "Haba Baba, wa ke maganar tafiya?"

"Kai dai kira mini Auta, ka bar daɗin baki."

Autarsa Mardiya tana gyaran injina a Tahoua. Washegari ta sauka daga mota da jaka a kafaɗa, ta fito da wata sabuwar kwamfuta siririya ta ɗora wa uban a cinya. Ta gwada sa masa wasan a ciki, ya ƙi tashi sam. Baba ya ture ta da bayan hannu.

"Ɗauke mini wanga faranti. Tawa nike so."

Mardiya ta zauna a tabarma ta kwance wa tsohuwar ciki. Abin da muka gani ya isa a ba da labari: ƙura ta yi dam, ga saƙar gizo, ga wata tsaka da ta bushe a jikin ƴar fankar ciki, ta hana ta juyi. Tsoho ya ɗaga tsakar da tsinke yana nuna wa jama'a.

"Kun ga mai gadin ƙofar! Bawana, da wagga kake faɗa tun shekarun nan?"

"Aje ta, gadonka ce, na bar maka," in ji Baba.

Mardiya ta ce ruwan Inna ya ƙone akwatin da ke raba wuta ne kawai, sauran lafiya lau. Amma abin da ke hana ƙofar buɗewa ba zafi ba ne kaɗai. Ƙwaƙwalwar injin ce ta yi kaɗan, sai an ƙara mata wani ɗan siririn allo da ake kira baret. Matsalar ita ce an daɗe da daina yin irinsa, ko a Yamai da wuya a samu. Ta buga waya nan, ta buga can, sai wani ya ce mata a gwada Walid mai gyaran rediyo a Madaoua, shi ba ya zubar da komai.

Wa zai je? Duk suka juyo suna kallona, ni da babur ɗina. Ga ɗinkin mutane jibge a shago! Na fara ƙunƙuni, sai Inna Biba ta leƙo ta miƙo mini gorar fura, idonta jawur. Na karɓa na tada babur.

Wanda bai bi hanyar Bouza a kan babur ba bai san yawan ƙasusuwan jikinsa ba. Na zagi duwatsu, na zagi Ɗan Garhanga, na zagi wanda ya ƙera wasan ko a ina yake. Na isa Madaoua da azahar, gemu ya yi ja da ƙasa.

Walid ya dubi hoton da Mardiya ta sa mini a waya, ya kai ni bayan shago inda tsofaffin injina ke tule. Irin kwamfutar da muke nema tana can a ƙasa, gefenta a buɗe, kaza ta shige ciki tana kwanci.

"Ga baret can ƙarƙashinta," ya ce. "Amma ni ba ni taɓa ta, kazar uwargida ce."

Ni na sa hannu. Ta sare ni a yatsa, ta sare ni a wuyan hannu, ta tara mini yaran kasuwa da kuka. Na fito da baret biyu da akwatin wuta, da kashin kaza har gwiwar hannu. Da Walid ya ji ko don wa ake nema, ya ƙi karɓar komai.

"In kun buɗe ƙofar, ka kira ni ka faɗa mini abin da ke ciki," ya ce.

Da hantsin washegari Mardiya ta goge baret ɗin tas, ta danna su har suka ce ƙas, ta sake akwatin wuta, ta ɗiga wa fanka man keken ɗinkina. Zaure ya cika, har mai shayi ya matso da murhunsa bakin ƙofa. Ta danna. Injin ya yi tari, ya yi ƙugi, sai ga Ɗan Garhanga tsaye da koren wandonsa. Aka yi ta tafi kamar an ci kokawa.

Muka tada Baba zaune, muka tokare shi da matasai, aka ɗora masa allon dannawa a cinya. Da hannu biyu ake yin wasan, dama na tafiya, hagu na tsalle. Hannun dama ya kama aiki. Na hagu ya ƙi. Ya ɗaga shi ya faɗi, ya sake ɗagawa ya sake faɗi. Ɗan Garhanga ya zurma ramin farko, wanda ko jikokin gidan ba sa faɗa masa. Ni dai na ji haushin duk wahalar da na sha.

"Kawo in yi maka tsallen," in ji Tsoho a hankali, ba tsokana a muryarsa.

"Kai? Mutumin Garhanga ya tsallake rami? A'a." Baba ya juya wajen ƙofar cikin gida. "Biba! Na san kina nan bayan labule. Taho."

"Malam, ni da na ƙone ta?"

"Ba don kin ƙone ta ba, wa zai buɗe cikinta? Zamna nan. In na ce yanzu, ki danna wanga dogon maɓalli."

Ta zauna a gefen katifa tana gyara lulluɓi, ta miƙa yatsa ɗaya kamar mai taɓa tukunya a kan wuta. Kai, ranar mun sha dariya! Ya ce yanzu, ta danna bayan an faɗa. Ya ce yanzu, ta danna tun ba a kai ba. Kunama ta fito, ta saki allon ta ce "Wayyo Allah!" ta ɗage ƙafafunta daga ƙasa.

"Tsawon zamanmu ban taɓa ce miki yanzu kin yi yanzu ba," in ji Baba.

"Kai ma ba ka taɓa faɗi da wuri ba," ta ce.

Aka yi azahar aka dawo. Baba ya gaji, gumi ya jiƙa masa riga, Mardiya ta ce a bari sai gobe. Ya ce shi bai da tabbacin gobe, a ci gaba. Wajen la'asar sai muka lura ya daina cewa yanzu. Inna Biba ta daina kallon gilashin kwamfutar, hannunsa take kallo, da ya motsa sai ta danna. Suka wuce ramuka, suka wuce kunamu, suka hau dutsen ƙarshe. Ga jar ƙofa. Ɗan Garhanga ya ɗaga hannu. Tsoho ya jawo mahuci ya fara fifita da ƙarfi, Mardiya ta riƙe masa hannu.

Ƙofa ta buɗe.

Ruwa ne a bayanta. Ruwa shuɗi shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da wata bishiya a baki. Ɗan Garhanga ya taka a hankali, ya zauna a inuwa, ya cire takalmi, ya tsoma ƙafafunsa a ciki. Wani ɗan kiɗa mai sanyi ya tashi.

"Shi ke nan? Ba mata?" in ji Tsoho.

"Ba zinariya kuma," na ce.

Baba Manzo ya daɗe yana kallo, bakinsa a buɗe. Sannan ya fara dariya, hawaye na bin kumatunsa. "Ruwa! Ashe duk gudun ga na neman ruwa na. Lalle yaron ga ɗan Adar na, ƙasarmu mai ƙarancin ruwa, ɗan gida!"

"To ga ruwa cike da cikinta," in ji Inna Biba, "ni da na zuba mata ɗan kaɗan anka so a cinye ni."

Na fita waje na kira Walid. Ya ce, "Ruwa? Madalla. Ya fi zinariya." Da na dawo Baba ya hana a taɓa komai, ya ce a bar yaron ya huta, ya yi tafiya mai nisa.

Bai sake neman wasan ba. Kwanakin da suka rage ya yi su yana cin ɗan abin da ya samu shiga, yana karɓar masu gaisuwa, duk wanda ya shigo sai ya ba shi labarin ruwan. Ranar Juma'a da hantsi, Tsoho na zaune a gefensa yana tsokanarsa a kan wata tsohuwar hula, Baba ya yi murmushi bai rama ba. Tsoho ya sake faɗa, bai rama ba. Sai ya ajiye kofin shayinsa ya fara salati. Ni na ɗinka likkafanin, kuma na yi kuka a kan keke, ban ji kunyar kowa ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, Mardiya ta mayar da injin ɗakin uwarta kafin ta koma Tahoua. Wata la'asar na kai wa Inna Biba zanen takaba da na kalmashe mata baki. Na yi sallama a tsakar gida, ba ta ji ba. Daga bakin ƙofa na hango ta zaune a tabarma, allon dannawa a cinyarta, yatsa ɗaya a kan dogon maɓallin. Ɗan Garhanga na farkon hanya, yana tsalle a wuri ɗaya, yana sauka, yana sake tsalle. Na ajiye zanen a kan turmi na fita.