Inda Ruwa Ke Ɗiga

Ɗigon farko a kan matashin kan 'yata Raudatu ya sauka. Ina tsaye ina tuƙa tuwo na ji ta ce, "Mama, look, silin yana kuka." Kafin in ajiye muciya na biyu ya faɗo mata a goshi, ta ƙyalƙyale da dariya. Na ja katifarta gefe da ƙafa, na juye miyar da ke babbar tukunyata a roba, na tara tukunyar a wurin.

Guguwar da ake ta shelarta a rediyo ce ta iso. Daga tagar ɗakinmu, can ƙololuwar gidan Alhaji Yacouba a unguwar St. George, kullum nakan hango jirgin fito yana ratsa ruwa zuwa Manhattan. Ranar ko bakin ruwan ban iya gani ba. Iska tana ɓamɓare fallayen rufin, ina jin tashinsu a saman kaina kamar ana fige kaza.

Mijina Hamidou yana can ƙetare. Laima yake sayarwa a bakin titi, don haka ranar ruwa ita ce ranar kasuwarsa. Shi yana roƙon Allah ya ƙaro, ni ina roƙon ya tsagaita. Mun sha yi wa kanmu dariya a kan haka.

*

Da gari ya waye na sauka wurin Alhaji. Shi ya tarbi Hamidou lokacin da ya zo ƙasar nan bai san kowa ba, don dukkanmu 'yan Tasawa ne. Shi ya ba mu hayar wannan ɗakin, wanda asalinsa ma'ajiyar kaya ce, bai kuma tambaye mu takarda ba.

Na durƙusa na gaishe shi. "Baba Alhaji, rufi ya buɗe. Ruwa har kan gadon yarinya."

Ya daɗe yana juya carbinsa. "Ɗiyata, masu gyaran rufi na ƙasar ga, kafin su taka tsani sai sun tambayi wa ke kwana sama. Hukuma ba ta san da ɗakin nan ba. In magana ta fita, ni a ci ni tara, ku kuwa sai titi. Wai Hamidou ba ɗan Tasawa ba ne? Wane namiji ne a garinmu bai iya yaɓen soro ba?"

Ranar Lahadi Hamidou ya hau da bokitin kwalta, ba igiya a ƙugunsa, ba kowa a ƙasa sai ni riƙe da tsani, bakina cike da addu'a. Ya yi yadda ake yi a gida: ruwa na ɗaukewa sai a toshe ɓaraka kafin wani hadarin ya taso, sauran aikin rana ce ke ƙarasawa. Ya shafe katakon da kwalta tun yana jiƙe, ya shimfiɗa tamfol, ya buga ƙusa.

"Baban Rauda, katakon ya bushe kuwa?" na ɗaga murya.

"Rana za ta busar da shi!"

A Tasawa haka ne. Amma nan bakin teku ne. Nan in ka shanya zane da safe, da yamma za ka ɗauke shi da danshinsa. Ni da nake wanki na san haka, sai dai ban kawo rufi a raina ba.

Ya sauko hannayensa baƙi ƙirin. Raudatu ta ruga za ta rungume shi, ta ga hannayen, ta ja da baya tana cewa, "Eww, Baba!" Na zaunar da shi a bakin ƙofa, na zuba masa man gyaɗa a tafi, na riƙa murza yatsunsa ɗaya bayan ɗaya har kwaltar ta saki. Yana kallona yana murmushi.

"To, Salima, yau kin yarda kin auri magini?"

"Na yarda. Amma tukunyata tana nan kusa."

*

Yoyo ya tsaya. Na mayar da tukunya kan murhu, na gode wa Allah.

Sai wani tabo ya fito a silin, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero. Na goge, ya dawo da 'yan uwansa. Ɗakin ya soma warin buhun da ya kwana a ruwa. Raudatu ta fara tari, daga nan ƙirjinta ya fara fito. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya ba ta koma hawa matakala tana hutawa a tsakiya, hannunta dafe da bango. A asibiti suka ce asma ce, suka ba mu abin shaƙa. Likita ta tambaye ni ko akwai danshi a gidanmu. Na sunkuyar da kai na ce babu.

Da na ba Adjoa labari, ita ce ta ƙi yarda. Mutuniyar Kumasi ce da ke zaune a ƙasanmu, tana aikin kula da tsofaffi. Ta hau kawo wa Raudatu kunu, ta tsaya a ƙofa tana shinshina. Ta ɗauki sandar tsintsiyata ta danna silin. Sandar ta nutse kamar a cikin burodi, wani baƙin ruwa ya biyo ta.

"Ei, Salima! Funfuna ce wannan. Kun rufe ruwa a ciki, ba shi da hanyar fita, sai ƙirjin 'yarki. Sister, ki kira hukuma yau. In kina tsoron Turanci, ni zan yi magana."

Da Hamidou ya dawo na nuna masa ramin. Ya tsaya a ƙarƙashinsa, buhun laimarsa har yanzu a kafaɗa.

"In na kai ƙarar Alhaji, da wane ido zan shiga masallaci a Harlem? A ce ɗan Tasawa ya kai wanda ya tarbe shi gaban hukuma? Kafin la'asar labari ya kai gida wurin Inna."

"To ita Raudatu da wane ƙirji za ta yi numfashi?"

Ya sauke buhun. Ya je ya durƙusa gaban katifa, ya kara kunnensa a bayan Raudatu yana sauraron fiton. Ita kuwa ta juyo ta shafa gemunsa. "Baba, don't be sad. Kai ka gyara mana."

Ban kira kowa ba. Na riƙe wayar har ta yi zafi a hannuna, na ajiye. Abin da na iya yi shi ne ɗaure kayanmu. Wani abokin Hamidou ya raba mana falonsa da labule a Harlem. Ba taga a ɓangarenmu, amma cikin 'yan makonni Raudatu ta koma hawa matakala da gudu.

*

Na koma St. George ɗaukar sauran kayan girkina. Tun daga matakala warin sabon fenti ya tare ni. Silin ya yi fari tas, an liƙe ramin. A bakin taga wata matashiya ce tsaye, goye da jariri, lallen gida bai gama gogewa a ƙafarta ba. Ta ce sunanta Firdaoussi.

"Yaya, kin ga ruwa? Kin ga jirgi? Wallahi kamar a talabijin!"

Ina jin tarin Alhaji a ƙasa. Na matsa kusa da ita, na rage murya, na gaya mata komai: kwaltar, funfunar, fiton ƙirji. Ta saurara har na gama, hannunta yana jijjiga goyon.

"Na ji, Yaya," ta ce a hankali. "Amma ina za mu je? Alhaji ne ya tarbe mu."

Na kama gefen katifarta, ta kama ɗaya gefen, muka ja ta can jikin bangon da ya fi nisa. Na fito da babbar tukunyata daga jaka, na ajiye mata a tsakiyar ɗaki.

"Ta miya ce?"

"Za ta yi miya ma."

Jaririn ya farka, ya lanƙwasa kai baya yana kallon sama. Na bi idonsa. A ƙarƙashin farin fentin, daidai saitin tukunyar, wani ɗan tabo ya soma fitowa, kamar ƙwayar gero.