Takardar 'Yan Sha Uku

Ranar Litinin da hantsi Sahura ta kai ɗiyarta Mardiyya makarantar firamaren da ke bayan kasuwa a Anka. An yi shela cewa yaran da aka koro daga ƙauyuka za a gwada su a raba su azuzuwa. Shekara biyu ke nan da Sahura ta baro Abare, tun bayan harin da ya tashi unguwarsu, tana zaune a ɗaki ɗaya a gidan yayanta, tana tuyar awara a ƙofar gida. Mijinta Jabiru yana can wajen haƙar zinare a wata jiha, sai dai a ji muryarsa a waya.

Malamar da ke gwajin, Malama Asma, tana zaune a baranda da tarin takardu kala huɗu a kan tebur. Da layi ya zo kansu ta ɗago kai ta yi murmushi.

"Sannu Inna. Shekarunta nawa?"

"Wallahi Malama ban shina ba. Ba mu da takardar haihuwa."

"Ba komai, yawancinku haka ne. Me kika tuna da ya faru lokacin da aka haife ta?"

Sahura ta ce, "Shekarar da aka kankare ƙasar gidajenmu aka zubo sabuwa, tana goye a bayana. Ba ta fara rarrafe ba."

Malama Asma ta ajiye biro. Duk wanda ke wannan yanki ya san shekarar. Ita ce shekarar gubar dalma, lokacin da maza ke kawo dutsen zinare cikin gida ana daka shi ana niƙawa, ƙurar ta shiga abinci da ruwa da bakin yara, aka yi ta binne ƙanana. Malamar ta yi lissafi a yatsunta.

"Sha uku ke nan."

Ta nuna wa Sahura takardun ɗaya bayan ɗaya. Koriyar ta 'yan shida da bakwai ce, duk zane ne, a nuna abin da ya yi kama da wani. Rawayar ta 'yan takwas da tara, an ƙara jerin lambobi. Shuɗiyar ta 'yan goma da sha ɗaya. Farar kuwa ta 'yan sha biyu da sha uku, ita ce mai dogayen tambayoyi.

"Ba karatu muke gwadawa ba," in ji ta. "Ni zan karanta mata. Yadda take tunani muke son gani. Abin da kan ɗan shekara bakwai ke kamawa daban, na ɗan sha uku daban, shi ya sa aka raba."

"Malama, ki ba ta koriyar," Sahura ta ce a hankali, don kada Mardiyya ta ji. "Ki rubuta bakwai. Wa zai shina?"

"Ita za ta sani, Inna. Ki dube ta, ta kusa kamo ki a tsawo. Da ta shekarunta za mu fara. In ta yi mata nauyi mu sauko."

Aka shiga da Mardiyya cikin aji. Sahura ta zauna a dandamalin siminti kusa da taga, inda take jin komai.

Shekara goma sha uku tana jiran wannan rana, ko da yake ba ta san da wace kama za ta zo ba. Lokacin da aka kwantar da su a asibiti ana ba jaririyar maganin fitar da guba, wani likita ya gaya mata ta bakin tafinta cewa yarinyar za ta rayu, amma dalma kan taɓa ƙwaƙwalwa, sai ta girma za a gane. Tun daga nan Sahura ke kallonta. In ta aike ta sayen gishiri ta dawo da maggi, sai gabanta ya faɗi. In ta haddace sura kafin sa'o'inta a makarantar allo, sai ta wuni tana murna. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har Jabiru.

Farar takarda ba ta daɗe ba. Malama ta karanta tambaya uku, Mardiyya ta yi shiru a dukansu. Aka sauko shuɗiya. Nan ta fara magana, muryarta can ƙasa. Inda aka jera zane, da'ira na juyawa tana canza wuri, ta nuna na gaba ba tare da jinkiri ba, har sau biyar. Da aka zo lambobi, biyu, huɗu, takwas, me zai biyo, ta ce goma. Aka sake wani jerin, ta sake faɗuwa. Sahura ba ta san amsar ba ita ma, amma ta gane daga yadda Malama ta ce "to, mu je gaba."

A takarda mai ruwan rawaya Malama ta ce, "Ga akuya, ga tunkiya, ga saniya, ga kaza. Wacce ce ba ta shiga cikin sauran ba?"

"Saniya."

"Saniya? Me ya sa?"

"Ita kaɗai ce ba a iya ɗauka bisa babur. Ranar da muka taho mun ɗauko akuya da kaji, Kawu ya ɗauko tunkiya. Saniyarmu mun baro ta ɗaure."

Sahura ta rufe bakinta da gefen hijabi. Ta ga saniyar kamar yanzu, fara mai baƙin kunne, tana miƙa wuya ta saman danga. Ta ga gindin tsamiyar da suke sussuka, da rumbunta biyu da ta shafe da hannunta. Ba ta taɓa zaton yarinyar ta riƙe wannan safiya haka ba.

Da aka gama, Malama Asma ta fito ta zauna kusa da ita a dandamalin, ta tura Mardiyya ta sha ruwa.

"A zane tana daidai da 'yan sha ɗaya, har ta ɗan ɗara. A lambobi da kalmomi tana wajen 'yan takwas. Aji uku zan sa ta, in ta yi shekara a sake gwada ta."

"Tambayar saniya fa? Ta ci?"

"Takarda kaza take so, don ƙafarta biyu. Ban ba ta maki ba, amma na rubuta dalilinta a gefe, malamin ajinta ya gani. Yaron da ya kawo dalili irin wannan yana tunani."

Sahura ta matso. "Malama, don Allah ki gaya mini gaskiya. Dalmar ce?"

Malama Asma ta daɗe tana duban takardun da ke cinyarta.

"Ban sani ba, Inna. Wannan takarda ba ta iya faɗa. Yarinyar da ba ta taɓa zama aji wata shida a jere ba, ta ga abin da ta gani, ko ba dalma haka za ta yi a lambobi. Yana yiwuwa akwai dalmar a ciki, yana yiwuwa babu. In na ce miki ɗaya na yi ƙarya."

Ba amsar da Sahura ta zo nema ba ke nan. Ta so a ce mata i ko a'a, ta sauke abin da ta daɗe tana ɗauke da shi. Ta dubi teburin da ke baranda.

"Babu ta 'yan sha shida?"

"A'a, a sha uku muka tsaya. Akwai wata ne a gida?"

"Da akwai. Amira, yayarta. Shekararta uku ta rasu, a waccan shekarar. Da hantsi ta fara jijjiga, kafin la'asar an kai ta." Ta share ido. "Ita kam ba a buƙatar gwaji. In baƙi suka cika gida ranar suna, sai ta bi takalma a bakin ƙofa ta haɗa su ƙafa da ƙafa, ta kai wa kowa nasa. Ba ta taɓa kuskure ba."

"'Yar shekara uku?" in ji Malama Asma. "Wannan aikin 'yan biyar ne."

"Haka nika cewa a raina. Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Wata mata da ke layi ta yi gyaran murya. Malama ta dafa hannun Sahura ta koma teburinta.

A hanyar gida Mardiyya ta ce, "Inna, na ci?"

"An ɗauke ki. Aji uku."

"Da ƙananan yara?"

"Da su. In kin yi shekara a sake dubawa."

Suka wuce tashar babura suka nufi gida.

Litinin ta gaba ta fara zuwa. Malamin ajin ya sa ta a bencin baya don kada ta tare wa sauran allo, gwiwoyinta na dukan tebur. Makon farko sau biyu tana dawowa da kuka, wai ana ce mata uwar aji. Sahura ta lallashe ta, ta raka ta har ƙofar makaranta, ta koma ta kunna wutar awara a makare. Kafin a shiga damina kukan ya daina. Lambobi dai suna ba ta wuya har yanzu, takan zauna a tsakar gida da tsakuwa tana jerawa tana rushewa, wani lokaci ta yi fushi ta watsar. Sahura takan ɗago daga kaskon suya ta dube ta, ta mayar da ido kan mai kafin ya ƙone.