Kwabon Giwa na Kogin Betwa

Shekara arba'in Ghasiram yana tankaɗe yashin kogin Betwa bayan damina, yana tsintar tsofaffin kwabban jan ƙarfe da ambaliya ke tonowa daga kufan birni. Gidansu na da doka tun kaka da kakanni: tsintuwar farko ta shekara rabon kogi ce, a taɓa ta a goshi a mayar ruwa.

Bana tsintuwar farko wani kwabo ne kore shar, giwa a gefe guda, rubutu a ɗayan. Da ya jefa, da ya huta. Amma ina, sai ya ƙulle shi a bakin zane ya kai wa Masta Dubey, tsohon malamin makaranta, abokin shan shayinsa tun kansu bai yi furfura ba.

Masta ya duba da gilashi. "Ghasi, sunan wani sarki ne da ba wanda ya taɓa ji. Faɗi kuɗinsa."

"Ba a sayar da rabon kogi, Masta-ji. A ajiye shi gidan tarihi, a rubuta sunana a ƙasa, jikokina su gani."

"Shi ke nan? Kai dai ba ka iya ciniki ba. Da hannuna zan rubuta."

Wata takwas Ghasiram na ɓoye wa matarsa, ko kwalekwalensa ya ɗan girgiza sai gabansa ya faɗi, kada kogi ya zo karɓar rabonsa.

Ranar da aka baje kwabon a gidan tarihi ya ɗaura farin zanensa, ya tafi da 'yarsa Sugna domin ita ce ta yi karatu. Ta sunkuya kan gilashin da aka rufe kwabon da shi, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Karanta mana, ko malamanku sun ci kuɗin banza ne?"

"Baba, an rubuta Masta Dubey ne ya tsince shi."

"Duba ƙasa."

"Babu komai a ƙasa."

Sai ga Masta tafe da manyan baƙi, furanni har sun rufe masa wuya. Ko kunya babu, ya dafa kafaɗar Ghasiram.

"Ga mai kwalekwalena. Shi ya tuƙa ni ranar da na tsince shi."

Baƙi suka yi murmushi, wani har da tafi. Ghasiram ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tarar hannayensa sun riga sun haɗe a ƙirji suna gaisuwa, kamar yadda suka saba, kuma 'yarsa tana kallo.