Muryar da Coci Bai Sani Ba

Tukunyar gwaza ce ta fara tashi sama, ruwan zafi ya fallatsu a bangon kwano. Vasemaca ta ja da baya, hannunta a aljihun riga. Yatsanta ya lalubi wurin da ƙanwarta ta nuna mata a jikin waya, ta danna.

"Ni za ki wulaƙanta?" in ji mijinta Isikeli, ko farar rigar coci bai cire ba. "Fasto ya shigo gidana, ki ajiye masa kifin gwangwani?"

"Baban Litia, teku ta yi fushi, babu wanda ya fita kamun kifi."

Marin ya sauka kafin ta rufe baki. 'Yarsu Litia ta tsandara ihu daga bayan labule.

"Sai na karya ki a gidan nan! Je ki faɗa, mu ga wanda zai yarda da ke."

Gaskiyarsa. Shi ne jagoran mawaƙan cocin ƙauyen, muryarsa kan sa tsofaffin mata hawaye. Ba yau Vasemaca ta fara gudu gidan mahaifinta ba. Kullum danginsa kan biyo ta da saiwar yangona, abin shan sulhu na gargajiya, a jiƙa, a ba da haƙuri, mahaifinta ya sha, a mayar da ita.

* * *

Wannan karon ma sun zo. Aka shimfiɗa tabarmi a gidan mahaifinta, tsoho Waisale, aka girke babban akushin yangona a tsakiya. Kawun Isikeli ya yi doguwar magana mai santsi.

"Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Yaronmu mai sanyin hali ne, kowa shaida. Ɗan tsautsayi ne aka samu."

Aka cika ƙoƙo, aka miƙa wa Waisale. Vasemaca ta san in ya kai shi baki, magana ta mutu. Mata ba sa tsoma baki a irin wannan zama. Amma ta rarrafo tsakiyar tabarma, ta ajiye wayar gefen akushi.

"Baba, kafin ka sha, ka saurari surukinka."

Ƙarar tukunya ta cika ɗakin. Sai zagi, sai mari, sai ihun yarinya. Muryar nan ce dai ta ranar Lahadi, amma ta tuɓe kayan coci. Kawun ya tsura wa saƙar tabarma ido.

"Haɗi ne!" Isikeli ya zabura. "Wayoyin zamani babu abin da ba sa ƙirƙira. Ba ni ba ne!"

Daga layin mata, mahaifiyarsa ta ɗago kai.

"Zauna, Isikeli. Ni na haifi muryar nan. Ko a cikin guguwa na ji ta, zan gane ta."

Waisale ya daɗe yana kallon ƙoƙon da ke hannunsa. Sannan ya ajiye shi a cike.

"Shekaru ina shanye jinin 'yata a cikin wannan abin," ya ce. "Yau na ƙoshi. Vasemaca, faɗi abin da kike so."

Ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba, amma amsar ta daɗe a bakinta.

"Na tura wa ƙanwata muryar nan, ta kai wa 'yar sanda mai kula da ƙarar mata. Zai je gaban hukuma ya sa hannu cewa ba zai ƙara taɓa ni ba. In na ga dama na koma, wayata za ta kasance a kunne, kuma da saninsa."

* * *

Sai bayan an sare rake ta koma, da ƙafarta, ba da rakiyar kowa ba. An ba wani jagorancin mawaƙa. Isikeli yana zama a bencin baya.

Hali ba ya mutuwa dare ɗaya. Wata ranar Asabar ya tarar ba a wanke masa riga ba, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ke wai wace irin..."

Vasemaca ba ta daina kankare kwakwa ba. Ta ɗora wayar a kan tebur.

"Ƙarasa mana, Baban Litia. Ɗaga murya sosai, kada Kawu ya ce bai ji ba."

Ya ɗauki rigar da sabulu, ya nufi famfo. Ta bi shi da kallo, ƙaton mutum a tsugune yana cuɗa wuyan riga, Litia na gyara masa riƙon. Dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ta manta tana da ita.

"Yaya Vase."

Maƙwabciyarta Mereoni ce a jikin shinge, ta rufe rabin fuska da tawul, leɓenta a kumbure. Ta waiga gidanta, sannan ta zura wata tsohuwar waya ta tsakanin itatuwan shingen.

"A ina ake dannawa?"

Vasemaca ta goge hannu a zani, ta matso.