Keken Bayan Shago

Mai gyaran takalma mutum ne mai tsoro, kuma a kan matarsa tsoron ya fi yawa. Ciwonta irin wanda sojojin jiki ke juyawa su ci rigar jijiyoyi ne. Har ta kai sai an riƙe ta take tafiya, kafin a soma ɗaura mata ruwan magani wata-wata, ƙafafu suka dawo.

Likita dai ta ja masa kunne. Maganin rufe wa sojojin ƙofar ƙwaƙwalwa yake yi, don kada su yi ɓarna. To gidan da masu gadi ke waje, tsohuwar ƙwayar cutar da ke barci a jiki tana iya farkawa ta shiga. Ba kasafai ba ne, amma in ya ga hali ya sauya ko tafiya ta karkace, ya kawo ta. In cutar ce, sai a tsayar da maganin.

Ai kuwa ya kafa mata ido. Sai ga ta tana dariya ita kaɗai a gaban tukunya. Tana ɗingisa ƙafar hagu, gwiwar hannu a ƙuje.

"Maman yara, ina kika je da rana?"

"Na manta," ta ce, ta kuma tuntsire da dariya.

Bawan Allah ya bar takalmin mutane da allura a soke, ya kwashe ta sai asibiti. Aka tura ta cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, shi yana waje yana murza hula kamar wanki.

"Ƙwaƙwalwar fes take, za mu ci gaba da magani," in ji likita. "Ka kyauta da ka kawo ta. Amma Hajiya, wannan ƙujewar fa?"

Matar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗu na rawa don dariya. Ashe tsohon kekensa na bayan shago take sacewa tana koyo a lungu.

"Tun ina yarinya nake so. Yanzu da ƙafafun suka dawo, zama zan yi in kalle su? Da na faɗa maka, Sarkin Tsoro, da ka cire tayoyin."

"Da har sarƙar zan cire," ya ce, yana share ido yana dariya.

Da yamma maƙwabta suka ga abin kallo: ita a kan keke tana tangaɗi, shi a guje riƙe da sirdi.

"Saki mana, Baban yara."

Sai da suka kai ƙarshen layi ya saki.