Alhaji Muniru da Jan Layin Kwamfuta

Ranar Talata ce, ranar awon jarirai, kuma ranar da watanni ukun gwajin Habsatu a aikin kula da kwamfuta ke cika a ƙaramin asibitin Alhaji Muniru da ke unguwar Alabar. Tun makon jiya ya gaya mata, ba wasa a fuskarsa: in kwamfutar nan ta sake rarrafe yau, ta nemi wani wurin.

Ga shi kuwa tana rarrafen. Mata sun cika benci har bakin ƙofa, jarirai na tsala kuka, Sista Ayishatu ta danna sunan yaro ɗaya ta zauna tana jira kamar mai jiran motar haya ta trotro ta cika.

"Habsatu, abin nan ya gaji paa," in ji ta. "Yi wani abu mana."

Habsatu ta matso gaban kwamfutar. Ita dai ta san ta yi aikinta. Memorin na'urar, wato ma'ajiyarta mai sauri ta wucin gadi, giga goma sha shida ne. Ta ware wa rumbun bayanan marasa lafiya huɗu, ta bar sauran ga na'urar ta riƙa ajiye fayilolin da ake yawan nema kusa da hannu, kada kullum sai an je diski. Da yamma abin yakan yi gudu. Da safe sai ya koma kamar ba a taɓa shi ba.

Ta duba tun yaushe na'urar take kunne. Minti hamsin. Ta bi tarihin baya: kowace safiya, ƙarfe bakwai da 'yan mintoci, wani na kashewa ya kunna. Mutum ɗaya ke buɗe asibitin a wannan lokacin.

To, wa zai dubi dattijo, aminin mahaifinta, ya ce masa shi ne matsalar? Ta tsaya a ƙofar ofishinsa har sai da ya ɗago.

"Baba, don Allah, kuna kashe kwamfutar da safe?"

"Kullum!" Har da alfahari ya faɗa. "Ina zuwa in tarar layin nan na kan allo ya yi ja, memori ya cika, babu fili koraa. In na kashe na kunna sai ya koma wayam. Aikinki nake taya ki."

Ta ce, "Baba, cikar nan ita ake so. Kamar mai tebur ce a kasuwa, ta jera kayan da aka fi tambaya a gabanta. In an kwashe mata kowace safiya, duk wanda ya zo sai ta ruga sito."

Habsatu ta fara tunanin yadda za ta gaya wa mahaifiyarta an sallame ta. Alhaji ya cire tabarau, ya miƙe, ya wuce ta ba tare da ya kalle ta ba. Ta bi bayansa.

A gaban benci ya tsaya, ya ɗaga murya yadda har na waje za su ji.

"Iyayena, ku yi haƙuri da jiran nan. Wata uku ina faɗa wa yarinyar nan magana a gabanku. Ashe ni nake ɓata mata aiki."

Habsatu ta nemi gefen benci ta zauna. Wata tsohuwa ta matsa mata, ta miƙo mata bakin mayafinta ta share ido.